Gilasan Wasagu da Alice Ta Wanke

Alice, matar marigayi Japhet soja, ita ta fara gaya mini cewa jinin ɗan Adam ba ruwa ba ne zalla. Ta ce a ɗigo guda akwai 'yan ƙwayoyi da sunka fi mutanen kasuwar Zuru yawa, kowace da kamarta, kuma akwai madubin da ake duba su da shi. Na ce mata, "Maman Hannah, ki ji tsoron Allah." Ta ce ai tsoron Allah ɗin ne ya sa take gaya mini, don wanda ya ga abin da ta gani ba ya ƙara raina Mahalicci. Shekara ashirin da ɗoriya katanga ɗaya ta raba mu, ita da cocinta ni da sallata, ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Labarinta zan bayar. A rubuta yadda na faɗa, kada a gyara mata komai.

A Manga anka haife ta, ɗiyar manomi ce a gindin dutse. Japhet shekara bakwai ya yi yana golmo a gonar ubanta, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Ya gama, anka ba shi ita, bai ko shekara biyu ba ya shiga soja kamar sauran mazan gidansu. Anka kwashe su zuwa Laberiya. Abin da ya dawo mata akwatin ƙarfe ne, da takalmi, da bargo. Lokacin Hannah ko yaye ba a yi mata ba.

Haka ta shigo Zuru da goyo tana neman abin yi. Wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa ya ɗauke ta shara, anka tura ta ɗakin awon jini, wanda suke ce wa lab. Mai ɗakin wani tsoho ne, Malam Abubakar Siddiƙ, mutumin wajen Yawuri, ga faɗa ga goro. Ranar farko ya nuna mata wasu 'yan gilasai sirara, tsawon yatsa, waɗanda ake ɗiga jini a kai, a shanya, a rina da wani ruwa mai shuɗi, sannan a sa ƙarƙashin madubi.

Ya ce, "Kin ga wanga? Gwamnati ba ta aiko shi, mu kuma ba mu da na saye. Kika fasa ɗaya, kin fasa awon mutum hamsin. Kin ga tagar can? Duk gilashin da na karanta, nan nake aje shi. Na karanta shi, ya mutu ke nan, sai wanka. Ke ce mai wankan gawa."

Ta koyi wankan. A jiƙa su a ruwan omo su kwana, a cuɗa kowane da yatsa biyu, a ɗauraye sau uku, a goge da tsohon ƙyallen atamfa wanda ya sha wanki har ba ya barin zare, a ɗaga shi ga haske a duba, sannan a naɗe goma-goma a takarda. Gilashi ɗaya sai ya zagaya jinin rabin unguwa. Alice ba ta da abin alfahari a duniya kamar wannan, cewa a hannunta gilashi bai taɓa ƙarewa a ɗakin nan ba.

Shekara ta biyar idon Malam ya fara gazawa. Da la'asar sai ya dinga hawaye a bakin madubi. Ran nan ya ce, "Ke, aje tsumman nan. Zo ki gaya mini, wanga zobe ne ko datti?" Ta kanga ido, da farko ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Ya murɗa mata wani abu a gefe, sai ga su sun bayyana, tuli, jajaye-jajaye masu farin ciki kamar waina a tanda, wasu sun jingina da juna. Can tsakani ga wata babba mai shuɗin ciki kamar gyaɗa uku a kwanso ɗaya. A cikin wata jar kuwa ga ɗan zobe da ɗigo a kansa. Ta ce, "Baba, kamar zoben amarya." Ya ce, "To shi ne maleriya. Shi ke kashe muku yara kuna cewa iska."

Daga ranar ya riƙa koya mata, da zagi da komai. Ta gane zobe, ta gane mai kamar ayaba, ta gane jinin sikila mai lanƙwasa kamar lauje, ta gane dattin rini da ke yaudarar mai gaggawa. Ni kaina ta taɓa ba ni na leƙa, ranar da ɗiyata Khairunnisa ta kwanta. Na ga jinin abin da na haifa a baje kamar an shanya wake. Ban san lokacin da na ce Subhanallahi ba. Ta nuna mini zobe uku, anka ba yarinya magani, kwana huɗu ta miƙe.

Malam ya aje aiki, ya koma gida, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Anka kawo wani matashi, Usama, da takardar makarantarsa a leda. Ba mugu ba ne, amma wuyansa ba ya son madubi. Sati biyu ya gane inda sauƙi yake. Alice ta duba ta faɗa, shi ya rubuta ya sa hannu. In yana raha sai ya ce, "Mama injin Jamus, ba ki cin mai ba ki cin wuta." Ita kuma ta ce, "Kai ko injin sa hannu. Aje wayar nan ka rubuta, zobe biyu ne, ba ɗaya ba."

Duk gari an sani. Mata daga Manga, daga Dabai, sai su ce a kai jini wajen Alice. Amma a takardar asibiti sunanta mai shara. Duk ranar da masu duba aiki sunka zo, da ta ji ƙarar motarsu sai ta diro daga kujerar madubi ta rarumi tsintsiya, Usama ya haye yana ƙifta ido. Shekara ashirin tana wannan tsalle. Abin yana cin ta, ba ta dai faɗa. Sau ɗaya ta ce mini, muna tsince shinkafa, "Ni dai kafin in bar aikin nan, in zauna kan kujerar nan baƙo ya shigo ban tashi ba. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ana nan sai ga Dakta Rachael. Ɗiyar ƙasar nan ce, ubanta ma soja ne, amma tana bincike a wata jami'a can kudu. Ta zo ɗibar jinin yara a ƙauyukan bayan Wasagu, don a ga irin maleriyar da ke wajen da yadda take yi wa ƙwayoyin jini. Lokacin hanya ta fara lalacewa da 'yan bindiga, amma ana lallaɓawa. Kan babur take tafiya, ta fita da sassafe ta dawo fuska duk jar ƙasa, da akwatin gilasai ɗaure a ƙirji kamar jariri. Wata uku tana wannan. Gilashi ɗari huɗu da 'yan kai ta tara, akwati uku, kowane da lambar yaro a jiki.

Ta zo da kyamara da ake ɗaura wa madubi a ka, abin da ido ke gani sai ya fito a kwamfuta, ƙwaya ɗaya ta yi girman faifai. Ranar da Alice ta fara gani sai da ta dafa tebur. Abin da ta shekara ashirin tana gani ita kaɗai, ga shi a fili kowa na kallo.

Rachael ba ta kwana uku ba ta gane wa ke da ido a ɗakin. Ta daina tambayar Usama. Sai ta ce, "Mama, nemo mini mai kyau." Alice ta murɗa, ta murɗa, ta ce, "Ga shi, biyu a ɗaki ɗaya, kamar 'yan haya." Rachael ta yi dariya ta ɗauki hoto. Alice ce ta karanta gilasan nan kaf, ɗaya bayan ɗaya, sati shida, Rachael na rubutawa a littafi. Hoto kuwa sittin kawai anka samu ɗauka, don kyamarar na da nawa, wuta kuma ba ta zama.

Rachael ta ce mata, "Mama, in aikin nan ya kammala sunanki zai fito a takarda. Kuma zan sa Farfesa, ubangidana, ya rubuta miki shaida. Da ita za mu je wajen shugaban asibiti a mai da ki ma'aikaciyar lab, ki sa farar riga."

Alice ta ce, "Ɗiyata, kada ki sa tsohuwa ta yi mafarki da rana."

"Na rantse, Mama."

Alice ta zo gida ta gaya mini tana rufe baki kamar budurwa. Shekara huɗu sunka rage mata ta aje aiki.

To, ga inda abin ya karkace. Nufin Rachael ta tafi da akwatunan nan uku jami'a, a ƙarasa ɗaukar hoto a can, wani ƙwararre ya sake karanta su, don a ƙa'idarsu karatun mutum ɗaya ba ya tsayawa sai an tabbatar. Ba ta gaya wa Alice ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, bai dai taɓa zo mata a rai ba cewa akwai inda ake wanke gilashi a duniya. Inda ta yi karatu, in an gama da shi ko a adana ko a jefar.

Ranar wata Juma'a Alice ta ji Rachael tana faɗa a waya. Kwalin sabbin gilasai da za a aiko daga Sakkwato bai iso ba, ga shi ranar Talata ta shirya zuwa Kanya, an riga an gaya wa mai gari ya tara yara. Ta kashe waya tana cewa tafiya ta rushe. Kafin ta fita ta ɗauko akwatunan Wasagu ta buɗe su, ta jera a kan taga don man da ake ɗiga musu ya tsane. Tagar nan ta Malam.

Alice ta dubi akwatunan, ta dubi yarinyar da ke fita rai a ɓace. Gilasai an karanta su, ita da kanta ta karanta, an rubuta a littafi, ga su kuma a kan taga. Me ya rage? Ta jiƙa su kafin ta tashi. Ranar Asabar, ranar hutunta, ta zo tun da hantsi da roba uku da omon da ta sayo da kanta. Ta wuni tana cuɗawa tana waƙoƙin coci. Shuɗin ya bi ruwa ya fita ta magudana, lambobin yara sunka bi shi. Yatsunta sunka saɓule. Ko ɗaya ba ta fasa ba. Ta naɗe su goma-goma, ƙunshi arba'in da biyu, ta jera a kan tebur ta rufe da ƙyalle.

Litinin da safe Rachael ta shigo, Alice ta yaye ƙyallen.

"Ga gilasanki, ɗiyata. Ki je Kanya gobe, kada ki jira mutanen Sakkwato."

Rachael ta yi murna, ta ce, "Kai Mama! Ina kika samo?" Sai idonta ya kai kan taga. Akwati uku a buɗe, wayam. Ta warware ƙunshi ɗaya, ta ɗaga gilashi ga haske. Fes, kamar daga kanti. Ta zauna a ƙasa dirshan.

"Mama, me kika yi?"

"Na wanke miki."

"Jinin Wasagu?"

"Ai mun karanta su. Yana cikin littafinki."

"Littafi! Wa zai yarda da littafi ba gilashi? Wata uku, Mama! Sau biyu muna kwantawa cikin dawa ana harbi!"

Alice ta ce, "A kan taga kika aje." Ta sake faɗa, a hankali, "A kan taga kika aje."

Komawa ɗibar jini kuwa babu hali. A tsakanin nan an tashi uku daga ƙauyukan, mutane sun watse, wasu Ribah wasu nan Zuru cikin makarantu, masu babur sun ce ko nawa za a ba su ba su bin hanyar.

Bayan sati biyu Farfesa ya zo da kansa, dogo mai furfura, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Anka zauna a ofis ɗin shugaban asibiti. Rachael ta ce ba a rasa komai duka ba, tunda an karanta gilasan kaf kuma ga littafi. Farfesa ya ce wa ya karanta? Anka dubi Usama, tunda shi ke da takarda. Da ya ce shi ne, da watakila an lallaɓa. Amma ya ga wuta ta taso, ya ji tsoron a jingina mishi wankin. Ya ce, "Ni ban taɓa gilasan nan ba, ranka ya daɗe. Daga karatu har wanki, mai shara ce."

Farfesa ya ce, "Mai shara?"

Shugaban asibiti, wanda Alice ta duba jinin 'ya'yansa biyar, ya buɗe baki ya ce shi bai taɓa sanin tana hawa kujerar madubi ba. Allah na gani.

Anka kira ta, ta shigo da tsumma a hannu. Farfesa bai yi faɗa ba. Ya ce a je lab. Ya buɗe jakarsa ya fiddo gilasai goma nasa, waɗanda yake gwada ɗalibai da su, ya ce ta zauna. Ta zauna, a gaban baƙo, a gaban shugaba. Ta ɗauki na farko. "Akwai, da yawa." Na biyu. "Babu." Na uku. "Sikila ne, ba maleriya." Haka har na tara. Na goma ta daɗe a kai, ta ce, "Wanga wanda ya rina shi bai tace ruwan ba. Datti ne ya yi kamar zobe. Amma can gefe akwai na gaske guda ɗaya, ya ɓuya." Farfesa ya karɓi madubi ya duba, ya daɗe. Ya ɗago ya cire tabarau.

Ya ce, "Mama, goma bisa goma. Ɗalibaina ba mai cin takwas. Idonki ya fi nawa."

Ta ce, "Na gode, Baba." Zuciyarta ta fara dawowa.

Ya ce, "Amma ba zan iya rubuta sunanki ba. In na rubuta cewa marar takarda ce ta karanta, za a yi watsi da aikin duka, a kuma rufe ɗakin nan. Shaida ma ba zan iya ba. In na ba ki, na shaida an shekara ashirin ana karya doka ke nan."

Ta ce, "To waɗanda na duba shekara ashirin, su ma a yi watsi da su?"

Ya mai da gilasansa jaka.

Washegari anka ba ta takarda, Hannah ta karanta mata. An ɗauke ta daga lab, an mai da ta tsakar gida da ban ɗaki. Kada ta sake taka ƙofar ɗakin awo. Sun ce sun yi mata adalci da ba su kore ta ba, saboda daɗewarta.

Rachael ta zo gida sallama ranar da za ta tafi. Ina nan, ni na shimfiɗa mata tabarma. Ita ma ta rame, don shekara guda ta karatunta ta tafi a ruwan omo. Sunka zauna. Rachael ta ce, "Mama, da kin tambaye ni." Alice ta ce, "Da kin gaya mini." Rachael ta ce, "Ban san ana wankewa ba." Alice ta ce, "Ni kuma ban san ana ajewa ba. Tunda na shiga ɗakin nan ba wanda ya taɓa ce mini aje. Wanke kawai ake ce mini." Rachael ta fashe da kuka, Alice ce ma ta riƙa ba ta haƙuri, ta ɗaure mata gyaɗa a leda. Ni dai na shiga ɗaki, don abin da ke bakina ba na mai salla ba ne.

Ina ce wa Alice ta bar wa Allah, tana ce mini ta bar mishi. Amma na san ta. Mace ce da ke dawowa daga aiki da labari, yau ta ga kaza, yau jinin wani yaro kamar an yi ɓarin gero. Yanzu sai ta dawo ta wanke ƙafa ta shige. Ƙungiyar mata ta coci ma da take ja musu waƙa, ta ce muryarta ta tsufa.

Hotuna sittin ɗin nan su Rachael ta tattara ta yi ɗan abin da ta yi da su. An ce sun fito a wata takarda ta turawa, da sunaye shida a sama. Ta aiko wa asibiti da hoto guda ɗaya, an faɗaɗa shi an sa a firam, an rataye a barandar da mata ke layi. Goge shi yana cikin aikin Alice na safe. Ta san shi sarai, ta ce lamba ɗari biyu da sha bakwai ne, wata yarinya daga ƙauyen da yanzu ko kaza babu.

A lab sun koma awo da wani ɗan tsinken roba da ake ɗiga wa jini a jefar. In ya ƙare, ko in ya ce babu alhali yaro na ci da wuta, sai Usama ya buɗe madubi ya yi ta ƙifce-ƙifce. Watan jiya ya leƙo ta taga tana wanke kwata, ya yi ƙasa da murya.

"Mama, don Allah zo ki leƙa mini wani. Oga ya fita."

Ta ce, "Ka manta takardar da anka ba ni? Kai ka kai ta ofis anka buga hatimi."

"Mama, yaro ne. Shekararsa biyu."

Ta tsaya da bokiti a hannu. Ta ce, "Miƙo shi nan." Ya miƙo gilashin ta taga, ta ɗaga ga rana. "Ka cika jini, ya yi kauri kamar kunu, ko Malam ba zai ga komai a nan ba. Sake ɗiba, ka ja shi siriri, ka tace ruwan rini, ka duba can wajen wutsiya." Ta miƙa mishi abinsa. Ciki dai ba ta shiga ba.

Tana nan, shekara uku da ɗoriya ke nan, wata bakwai sunka rage mata ta aje aiki. Da sassafe take fita da bokiti da buroshi, ta fara da ban ɗakin mata, ta dawo baranda, ta ƙare da kwatar bayan lab.